Kiɗanmu na Adar: tun yaushe ya fara gauraya?

 

Makon da ya wuce, cikin shirinmu na dare, gardama ta tashi wadda lokaci bai bari munka ƙare ta ba. Munka sa wata waƙa ta wani yaro ɗan yankinmu, ya ɗauki karin kiɗan noma ya ɗora shi bisa fiyano. Waƙar ba ta kai ƙarshe ba wani dattijo ya bugo, ya ce: "Ɗana, ku dakata mana da wanga abu. Yaran yanzu sun ɓata kiɗan kakanninmu, sun zuba mai ruwa har ba a gane shi." Yana ajiyewa wani saurayi ya bugo, ya ce: "Baba, Allah shi ba ka haƙuri, amma in ba mu sa fiyano ba wa zai saurare mu?" Munka yi alƙawarin za mu bincika mu rubuto. To ga abin da munka samo. Kowane cikinsu yana da rabin gaskiya, kuma akwai wani abu na uku da su biyun ba su taɓo ba.

Mu fara da kayan kiɗan kansu, don su ne shaidun da ba su ƙarya.

Adar tun asali mararraba ce. Wanda ya karanta littafin da Farfesa Djibo Hamani ya rubuta kan tarihin Adar ya san yadda Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ci ƙasar a ƙarshen ƙarni na 17, ya kafa sarautar da zuriyarsa ke riƙe da ita a Illela har yau. Daga baya Kel Geres sunka yi ƙarfi a wajen Madawa da Galma, Lisawan sunka zauna Keita, Gobirawa na kudu da mu, Fulani na ratsa mu da shanunsu kowace shekara. Ayarin gishiri ya sauko daga arewa, na goro da tufafi ya hauro daga kudu. Mutanen da sunka haɗa kasuwa da rijiya da aure shekara ɗari uku, ta yaya kiɗansu zai zauna kowa da nasa?

Dubi tambari. A fada shi ne alamar mulki, kuma a nan wajenmu kalmar tana nufin gangar, tana kuma nufin shugaban Kel Geres. Abzinawa suna kiran gangar sarauta ettebel, Larabawa suna cewa ɗabl, kuma ko'ina aikinta guda ne: in ta yi ƙara, sarki ne ya yi magana. Dubi algaita. Sunan ma daga Larabcin Magrib ya zo, can suna ce mata gaita, kuma in kun taɓa ganin bukin Maroko a talabijin kun ga ƴar'uwarta sak. Kakaki shi ma yana da ɗan'uwa a can, doguwar ƙaho ta ƙarfe da suke kira nafir. Yau ba wanda zai ce algaita baƙuwa ce a ƙofar sarki, amma akwai ranar da ta zo baƙuwa.

Sai goge. Ƙwarya ce, a rufe ta da fatar guza, a ɗaura tsirkiya ta izgar doki. Ku je rugar Abzinawa ku ga anzad: ƙwarya, fata, izgar doki, tsirkiya guda. Bambancin da ya fi fitowa shi ne a wajensu mata ke goga shi, a wajenmu maza. A 2013 UNESCO ta sa anzad cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar da Mali da Aljeriya. Haka tende: turmi ne anka ɗaure wa fata, matan Abzinawa su kewaye shi suna tafi, kamar yadda iyayenmu mata ke maida daka lugude, su kifa ƙwarya cikin ruwa su kaɗa. Wa ya koya daga wa? Abin da ido ke gani dai shi ne maƙwabta sun daɗe suna leƙen juna.

Da rediyo ta zo, gaurayen ya ƙara sauri. An buɗe gidan rediyon Nijar a 1958, wanda daga baya ya zama Muryar Sahel. Amma mu da ke kusa da iyaka, akwatin rediyon kakanninmu ba ya tambayar fasfo. Kaduna na shigowa, Rima ta Sakkwato na shigowa. Narambaɗa, Ɗanƙwairo, Ɗan Anace, Shata, Ɗan Maraya da kuntiginsa, duk sun zama ƴan gida. Da kaset ya zo, ƴan ci-rani sunka riƙa dawowa da shi cikin jaka tare da atamfa da sabulu. Makaɗin ƙauye ya ji salon kalangun Shata ya ɗauki abin da ya yi mai, ya bar saura. Kiɗan da dattijonmu ya tashi yana ji yana yaro, wanda yake kira na kakanni, shi kansa ya riga ya sha ruwan Sakkwato da Katsina.

Sai zamanin Samariya. Mu ba mu riske shi da wayonmu ba, labari munka ji wajen iyaye, sai tsofaffin hotuna da Tele Sahel ke maimaitawa. Janar Seyni Kunce ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, ya ɗauki tsohuwar al'adar sarkin samari ya maida ta ƙungiya ta ƙasa baki ɗaya. Daga 1976, da Damagaram ta fara karɓar baƙunci, anka riƙa yin bukin matasa na ƙasa, festibal, kowace shekara a wani babban gari. A lokacin Buza da Madawa da Keita kowace arondisma ce ƙarƙashin Tawa. Ƙauye ya fidda gwanayensa, a kara a arondisma, a kara a Tawa, waɗanda sunka tsira su tafi su wakilci jiha: waƙa, teyatur, kiɗan gargajiya, da abin da anka kira bale.

Wanga bale ya cancanci a tsaya a kansa. Rawar ƙauye ba ta da gaba ba ta da baya, da'ira ce, kowa ɗan kallo ne kowa ɗan rawa, kuma sai an gaji a tashi. Bisa dandamalin festibal kuwa dole a fuskanci alƙalai, a yi layi, a sa kaya iri ɗaya, a ƙare cikin mintocin da anka yanka. Malaman lakwal da ke shirya wasan sai su ɗauko takun manoma, su haɗa da na maharba, su sa tende a tsakiya, sarewar Fulani ta buɗe fage, duk cikin labari guda. Hukuma na son haka don ta nuna ƙabilun Nijar tsintsiya ɗaya ce. Da yawa cikin raye-rayen da yau muke rantsuwa na gargajiya ne tsantsa, a wancan dandamali anka yi masu ɗinkin da munka san su da shi.

Kuma ba Nijar ta ƙago wagga dabara ba. Gine ta riga mu da Ballets Africains na Keita Fodeba, wanda ya zama na ƙasa bayan samun ƴanci. Kafin Gine, ƙasashen gurguzu na gabashin Turai sun daɗe suna ɗauko rawar ƙauye su gyara ta su hau da ita dandamali da sunan ƙasa. Bari mu ɗan tsaya a ɗaya daga cikinsu, Bulgeriya, don gardamar da munka yi a rediyo su sun yi ta har da ƴan sanda.

Bulgeriya ƙasa ce ta duwatsu da manoma da makiyaya, tsakanin Turkiyya, Girka, Sabiya da Romaniya. Turkawan Usmaniyya sun mulke ta kusan shekara ɗari biyar, har 1878. Suna da gadulka, dangin gogenmu ce amma mai tsirkiya da yawa. Suna da kaval, sarewar makiyaya. Suna da gaida, salka ce ta fatar akuya da ake hurawa. Suna kuma da zurna, wadda in kun ji ta za ku rantse algaita ce, don dangi ɗaya ne, kuma da babbar ganga ake raka ta kamar yadda muke yi. Rawarsu horo, riƙe hannu ake yi a zagaya. Kiɗansu kuwa kamar yana ɗingishi, bugu bakwai ko tara ko goma sha ɗaya a zagaye guda, wani gajere wani dogo.

A 1951 wani mawaƙi da ya yi karatun kiɗan Turai, Filip Kutev, ya kafa ƙungiyar waƙa da rawa ta ƙasa. Ya bi ƙauyuka ya zaɓo mata masu murya, ya ɗauki waƙoƙin da suke yi a gona da wajen buki, ya rubuta masu muryoyi hawa-hawa irin na manyan mawaƙan yammacin Turai. Muryar ta ƙauye ce, ginin na birni. Gidan rediyon ƙasar ma ya kafa tasa ƙungiyar ta mata bisa wannan salo. Wani ɗan Suwis, Marcel Cellier, ya tattara waƙoƙin ya fidda faifai a 1975 da sunan Le Mystère des Voix Bulgares. Da anka sake fidda shi a Ingila a 1986 duniya ta ɗauka, kashi na biyu ya ci kyautar Grammy a Amurka a 1990. Masu saye da yawa sun zaci muryar ƙauye ce ta shekara dubu. Alhali gauraye ne da anka tsara a ofis a Sofiya.

Abin mamakin shi ne hukumar da ta yi wanga gauraye ita ce ke cewa kiɗan ƙasa dole ya zama tsantsa. A wajen bukin aure kuwa talakawa wani abu daban suke so. Wani mai busa kilarinet, Ivo Papazov, wanda anka haifa a 1952 a garin Karjali cikin dangin Turkawa da Romawa, shi da abokansa sunka haɗa karin Bulgeriya da na Turkiyya da Girka da Sabiya da Romaniya, sunka zuba jaz, sunka sa gita da akodiyon da lasifika. Mutane na tafiya mai nisa don su ji shi a bukin wanda ba su ma sani ba. Hukuma ta ce wannan ƙazanta ce. A shekarun 1980, lokacin da anka tilasta wa Turkawan ƙasar canza sunayensu, anka hana busa zurna, anka riƙa cin makaɗan buki tara, shi kansa Papazov sai da anka kama shi. A 1989 Turkawa fiye da 300,000 sunka bar ƙasar, kuma a ƙarshen shekarar mulkin ya faɗi. Yau Papazov na cikin waɗanda Bulgeriya ke alfahari da su a duniya.

Abin da munka ɗauko daga can abu biyu ne. Na farko, duk wanda ya ce zai tace kiɗa ya fidda baƙo, ƙarshenta mutane yake tacewa, don bayan kowane kari akwai maƙwabcin da ya kawo shi. A Adar in munka ce za mu fidda na Abzinawa da na Fulani da na Gobir, me zai rage mana, kuma wa za mu kalla a kasuwar Babban Katami? Na biyu, Kutev da Papazov duk sun yi nasara ne don sun san tushen sosai. Matan Kutev a ƙauye sunka koyi waƙa wajen iyayensu. Papazov a gidan masu busa ya tashi, tun yana yaro yake bin buki.

Mu dawo gida, don mu ma muna da irin waɗanga mutane. A 1987, shekarar da Kunce ya rasu, anka fara gasar kiɗan zamani ta ƙasa, kuma sunan da anka ba ta na wani mai goge ne ɗan Adar: Ɗan Gurmu. Ku lura da wannan. Gasar masu gita da orkes ce, amma anka rataya mata sunan makaɗin gargajiya, kamar ana ce wa yara ga inda za ku ɗebo ruwa. Ba da daɗewa ba anka buɗe cibiyar koyar da kiɗa a Yamai, CFPM, mai sunan Elhaji Taya. Daga wannan zamani ne Sa'adu Bori na Maraɗi ya fito, ya ɗauki karin da ya sani tun daga gida ya ɗora bisa gita da ganguna na zamani, shi da Musa Pusi sunka fidda faifan Niamey Twice a 1994. A 1995 Yakuba Mumuni, mai sarewa, ya kafa Mamar Kassey tare da abokansa, inda sarewa da molo da kalangu da ƙwarya sunka zauna da gita kamar dama tare anka haife su. A 2004 Abzinawa da Woɗaɓe sunka haɗa ƙungiya ɗaya, Etran Finatawa, gitar waɗancan da amshin waɗannan.

Sai wanda ya fi kusa da mu, Mdou Moctar, ɗan arewacin jiharmu ta Tawa. Gitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta, da wayar birkin keke. A 2008 ya tafi Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko, Anar, a situdiyon masu waƙoƙin fim ɗin Hausa. Waƙa da Tamajak, gita ta Abzinawa, amma gangar na'ura da muryar da kwamfuta ta lanƙwasa irin ta finafinan Kano, waɗanda su ma daga finafinan Indiya sunka ɗebo da yawa. Waƙoƙin sunka bi katin waya da bulutut daga hannu zuwa hannu har Mali, inda wani Ba'amurke mai tattara kiɗa, Christopher Kirkley, ya ji su ya nemo mai su. Yau Mdou Moctar na cika manyan dandamali a Amurka da Turai. Saurayin da ya bugo mana waya yana da hujja a nan: fiyano da na'ura ba su hana a san mutum ba.

Amma ga labarin da ya sa ba mu ba saurayin gaskiya duka ba. A bakin tafkin Cadi Buduma masunta suna da wani abin kiɗa mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale, biram. Ya kai lokacin da gwani ɗaya tak ya rage da anka sani, wani tsoho, Bukar Tar. Malam Maman Barka, ɗan Taskar, malamin lakwal ne kuma ya riga ya yi suna da gurminsa. A 2002, da tallafin UNESCO, ya bar Yamai ya tafi ya zauna gaban tsohon nan kamar almajiri har ya koya. Tsohon ya rasu, Malam Maman Barka ya kai biram ƙasashen duniya, ya koya wa wasu kafin shi ma ya rasu a watan Nuwamba 2018. Da bai yi wannan tafiya ba, da yau ko mai son gauraya biram da gita ba shi da abin gaurayawa.

Wannan shi ne abu na ukun da munka ce ba a taɓo ba. Gauraye bai taɓa kashe kiɗan Adar ba, shi ya raya shi. Abin da ke kashe shi rashin magaji ne. Kwanan baya munka je wani buki a wani ƙauye nan kusa. Anka kawo janareta da manyan lasifika, yaro ya sa kati, fili ya cika. Can gefe bakin darni wani tsoho na zaune da gogensa cikin tsumma, an gayyace shi don kunya, ba a ba shi fili ba. Munka je munka gaishe shi, munka ce: "Baba, ina yaranka masu amshi?" Ya ce ɗaya na Legas, ɗaya na wajen zinariya, ƙaramin kuma ya ce shi ba zai yi roƙo ba. Ya ce a kansa akwai taken gidaje da na manoma da na ƴan kokowa na garuruwa da dama, wanda ya gada wajen mahaifinsa. Munka tambaye shi ko an taɓa ɗaukar muryarsa. Ya yi dariya ya ce wa zai ɓata batir.

Take ba kiɗa ba ne kawai. A cikinsa ake jin wane ya haifi wane, wa ya sari dajin da ya zama gari, wace shekara anka yi yunwa, wa ya ciyar da mutane. Yaronmu mai fiyano ya ɗauki karin noma guda da ya ji sama-sama. Da ya zauna wata uku gaban wannan tsoho, da ya tashi da kari hamsin da labarin kowane, kuma da waƙarsa ta fi ta kowa a Yamai don ba wanda ke da irinta.

Mu ma ƴan rediyo muna da laifinmu. Abin da ya zo mana cikin kati shi muke sawa don ya fi sauƙi, ba mu ɗaukar makirfo mu shiga ƙauye. Mun yi niyyar gyarawa, kuma ga abin da muke roƙonku. Duk mai tsoho makaɗi ko tsohuwa zabiya a gida ko a unguwa, in sun yarda, ya ɗauke su da waya. Kafin su fara su faɗi sunansu da garinsu da wanda ya koya masu, da kuma wa anka yi wa kiɗan. A ajiye a wuri fiye da ɗaya, don waya na faɗawa ruwa. Masu buki, in kun ware kuɗin lasifika ku ware na makaɗi, ku ba shi sa'a guda ta kansa kafin a tada janareta. Matasa masu waƙa, ku gauraya yadda kuke so, amma wanda kunka ɗebo wajensa ku ambaci sunansa, in waƙar ta kawo wani abu ku kai mai rabonsa.

Baba da ya bugo mana waya, mun ji kukanka, kuma in Allah ya kai mu za mu zo har gida da makirfo, ka nuna mana waɗanda sunka rage. Ƙanenmu mai fiyano, kai ma ka shirya, tare za mu tafi, kai za ka riƙe wa tsohon tabarma.

Allah shi jiƙan makaɗanmu da sunka riga mu, shi ba mu damana mai albarka. Sai mun haɗu a shirin dare.